Yadda Mai Renon Yara Za Ta Ƙaro Ilimi Ya Zauna a Hannunta

Akwai wata safiya da ba na mantawa da ita a shekarun da na yi ina renon 'ya'yan mutane. Wani yaro ɗan wata goma yana rarrafe a tsakar ɗaki, ya tsinci maɓallin da ya tsinke daga rigar 'yar tsana, ya jefa a baki. Ba mu ji kuka ba, ba mu ji tari ba. Shirun ne ma ya sa muka waiwaya. Idanunsa sun firfito, bakinsa a buɗe, leɓensa ya fara duhu. Wadda ta fi kusa da shi ta sure shi, ta cusa yatsa a bakinsa tana lalube, abin da ake gargaɗi a kai a kowane kwas na taimakon farko, domin yatsa kan ƙara tura abin ciki. Sai babbarmu ta ce, "Miƙo shi nan, 'yata." Ta kifa shi a kan hannunta, ta tallafe haɓarsa, kansa ya yi ƙasa da gangar jikinsa, ta buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu. A bugu na uku maɓallin ya faɗo, yaro ya tsala ihu.

Su biyun takardar shaida iri ɗaya gare su, a bango ɗaya ma aka rataye su. Ta farko ta yi nata kwas ɗin shekara uku da suka wuce, a babban zaure, malami yana nunawa a gaba jama'a suna kallo. Ta biyu wata biyu ke nan da ta sabunta nata, kuma ta durƙusa ta yi da hannunta a jikin mutum-mutumin jariri har sai da malamar ta ce ya yi. Tun daga ranar, duk bitar da aka tallata mini tambayata ɗaya ce: idan na koma cikin yara, me hannuna da bakina za su yi daban da jiya?

Zan riƙa cewa "ke" saboda mata ne suka fi yawa a aikin, amma maganar ta shafi duk mai kula da ƙananan yara, ko a cibiya mai ma'aikata da yawa, ko a gida da yara uku ko huɗu.

Mataki na farko: gano inda kike cijewa

Kada ki fara da neman kwas. Fara da ƙaramin littafi a aljihu. Har tsawon mako guda, duk lokacin da kika ji gabanki ya faɗi, ko kika rasa abin yi, ko kika yi abin da daga baya bai kwanta miki ba, ki rubuta layi ɗaya. Misali: "Ya ciji ɗan'uwansa karo na biyu, na daka masa tsawa, ya ƙara yi." Ko: "Uwa ta kawo magani ba takarda, ban san ko in ba shi ba." Ko: "'Yar shekara biyu ba ta waiwayawa idan an kira sunanta, ban san yadda zan tunkari iyayenta ba."

Ran ƙarshen mako ki zauna ki raba abin da kika rubuta gida uku. Abin da zai iya cin rai ko ya nakasa yaro a gida ɗaya. Abin da ke maimaituwa kullum yana cin ƙarfinki, kamar cizo da rigima da ƙin barci, a gida na biyu. Na uku kuwa abin da zai ɗaga ki gaba a sana'a, kamar shugabancin cibiya ko kula da yara masu buƙata ta musamman.

Idan kina son madubin da za ki duba ko akwai ɓangaren da kika manta ɗungurungum, a shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya sun fitar da wani tsari na renon ƙananan yara mai ginshiƙi biyar: ƙoshin lafiya, isasshen abinci mai gina jiki, kulawa mai amsa buƙatar yaro, tsaro da kariya, da damar koyo tun da wuri. Da yawanmu idan muka auna kanmu da wannan, sai mu ga mun ƙware wajen ciyarwa da tsafta, amma na ukun, wato lura da abin da yaro yake nunawa da mayar masa da amsa, ba a taɓa zaunar da mu an koya mana shi ba.

Mataki na biyu: san abin da doka ta ɗora miki

Wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha. A Ingila, dole ne a kowane lokaci a sami aƙalla mutum ɗaya a wurin reno mai takardar taimakon farko na yara wadda ba ta mutu ba, kuma idan za a fita da yara sai da irinsa. Cikakken kwas ɗin awa 12 ne, ana sabunta shi duk shekara uku. A Amurka, wata doka ta 2014 ta wajabta wa jihohi su tabbatar masu reno da ke karɓar tallafin gwamnati sun sami horo kan abubuwa kamar kwantar da jariri, taimakon farko, ba da magani da shirin ko-ta-kwana, amma yawan awannin bita a shekara kowace jiha da nata. A can kuma akwai shaidar ƙwarewa da ake kira CDA, wadda ke buƙatar awa 120 na karatu da awa 480 na aiki da yara, ana sabunta ta duk shekara uku da ƙarin awa 45.

Ki nemi hukumar da ke ba da lasisin wuraren reno a inda kike, ki yi mata tambaya uku: awa nawa ake so a shekara, waɗanne darussa ne tilas, kuma takardar waɗanne masu horarwa kuke karɓa? Tambaya ta ukun ita aka fi mantawa. Na ga wadda ta kashe kuɗinta da hutunta a kan kwas mai kyau, amma da aka zo duba cibiyar aka ce ba a san wanda ya ba da takardar ba. Idan kuma a inda kike babu wata doka a kan wannan, ki ɗauki waɗancan ƙa'idoji ki ɗora wa kanki. Maƙogwaron jariri a ko'ina iri ɗaya ne.

Mataki na uku: fara da abin da ya shafi rai

A nan zan daɗe, domin a nan ake yawan jirkita tsari. Mutum ya ga bitar waƙoƙi da zane-zane ya ruga, alhali shekara biyar rabonsa da taɓa mutum-mutumin gwaji.

Na farko shi ne taimakon farko na yara, tare da dabarar danna ƙirji da hura numfashi idan zuciya ta tsaya. Ki tabbatar na yara ne da jarirai, domin na manya ya sha bamban. Kwas nagari zai sa ki gwada abin da za ki yi idan abu ya shaƙe jariri: bugu biyar a baya, danni biyar a ƙirji, ana maimaitawa. Zai koya miki danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wato kimanin santimita 4 ga jariri, santimita 5 ga yaron da ya tasa. Zai gaya miki ƙuna ruwan sanyi mai gudana take so na tsawon lokaci, har minti 20, ba shafe-shafe ba. Zai nuna miki cewa yaron da ke jijjiga saboda zazzaɓi a gefe ake kwantar da shi, ba a sa masa komai a baki, ana duba agogo, idan ta wuce minti biyar a nemi agajin gaggawa. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zafin jikinsa ya kai digiri 38, likita zai gani a ranar. Ƙungiyoyin agaji na Red Cross da Red Crescent suna gudanar da irin wannan kwas a ƙasashe da dama, manyan asibitoci ma wasu suna yi.

Abin da na rubuta a sama don ki gane kwas na ƙwarai ne idan kin gan shi. Karanta shi ba zai taɓa maye gurbin durƙusawa ki yi da hannunki ba.

Na biyu shi ne kwantar da jariri. Iyayenmu da kakanninmu a wurare da yawa na duniya rub da ciki suke kwantar da jarirai, har likitoci sun taɓa ba da wannan shawara. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina, a 1994 aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu a can da fiye da rabi. Ga abin da ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye: wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan mutuwa a hannun masu reno ta faru, kuma haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da ya saba kwana rigingine a gida, aka zo aka kifa shi a wurin reno. Rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙwari da ba ta lotsawa, ba matashi, ba tarin bargo, ba kayan wasa, har ya cika shekara. Mai reno da ta koyi aiki shekara talatin da suka wuce, ba ta sake zama a gaban malami ba, za ta iya kasancewa mai tsananin ƙaunar yara kuma tana kifa su kullum da zuciya ɗaya.

Haka ilimin yake motsawa a kowane fanni. A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sauya jerin matakan farfaɗo da mutum, ta sa danna ƙirji a gaba, kuma ana sake bitar ƙa'idojin lokaci-lokaci. Saboda haka takardun irin wannan kwas suke da wa'adi, galibi shekara biyu ko uku.

Na uku shi ne kare yara daga cutarwa. Wannan ya haɗa da sanin illar girgiza jariri, wadda kan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, makanta ko mutuwa, kuma yawanci kukan da ya ƙi ƙarewa ne ke kai babba ga yin ta. Bita mai kyau za ta faɗa miki ƙarara cewa idan kika ji ranki ya kai wuya, ki ajiye jaririn rigingine a gadonsa, ki kira abokiyar aiki, ki fita ki sha iska. Za ta kuma koya miki alamun da ke nuna ana cin zarafin yaro, kamar shatin rauni ko kumburi a jikin jaririn da bai fara ko rarrafe ba, da yadda ake sauraren yaron da ya fara faɗa ba tare da an sa masa magana a baki ba, da wanda ake kai wa rahoto. Darasi ne mai nauyi a zuciya. Ki je duk da haka.

Na huɗu tsafta da hana yaɗuwar cuta: wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, tsarin canza kunzugu, raba wurin canjin da wurin abinci, sanin yaron da ya kamata ya koma gida, da ƙa'idar ba da magani, wadda ba ta wuce rubutaccen izinin iyaye da rubuta lokaci da adadin da aka ba shi.

Sai bayan waɗannan ki juya ga gida na biyu na littafinki.

Mataki na huɗu: tantance bitar kafin ki ba da kuɗinki

Ki kira masu shiryawa ki tambaye su. Wanda ke da abin kirki ba ya jin haushin tambaya. Wane ne zai koyar, kuma ya taɓa yini cikin ɗaki da yara 'yan shekara biyu? Mutum nawa ne a aji? Idan kwas na taimakon farko ne, mutum-mutumi nawa ne, kuma akwai na jariri? Kashi nawa na lokacin ne na gwaji? Shin ana jarraba mutum kafin a ba shi takarda, ko zuwa kawai ya isa? Akwai wata bibiya bayan an watse?

Ni dai idan aka ce mini mutum ɗari a zaure ɗaya da mutum-mutumi biyu, na san lacca ce. Idan aka yi alkawarin koyar da darasi goma a yini ɗaya, na san ba ɗayan da zai zauna. Idan kuma na ga rabin lokacin tallar wani littafi ko kayan wasa ne na mai shiryawa, ko ana alkawarin mayar da jariri haziƙi cikin wata uku, ba na komawa.

Karatu ta intanet yana da gurbinsa. Abin da sani ne zalla, kamar matakan girman yaro, dokoki, ko tsarin adana bayanai, ana iya koyonsa ta waya da dare bayan an tashi aiki, kuma akwai na kyauta masu inganci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa jerin alamun girma daga wata 2 zuwa shekara 5, ta sabunta shi a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da kundin horarwa kan wasa da magana da ƙananan yara tun 2012. Amma duk abin da hannu ke yi, sai a gaban wanda zai kama hannunki ya gyara.

Mataki na biyar: shiri kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da mako biyu ki san wadda za ta riƙe miki yara, kuma ta zama wadda yaran suka sani, don masu ƙyuya. Kada a ce don mutum biyu sun tafi bitar tsaron yara an bar mutum ɗaya da jarirai takwas. Ki sanar da iyaye abin da za ki je koyo. Mafi yawansu daɗi suke ji. Idan a ƙarƙashin wani kike aiki, ki nemi a rubuce ko ranar tana cikin lokacin aiki da kuma wanda zai biya. Sannan ki ciro matsaloli uku daga littafinki, ki cire sunayen yara, ki tafi da su.

Mataki na shida: a cikin ɗakin bita

Ki zauna gaba, kuma idan aka ce wa zai fara gwadawa, ki tashi. Na tuna karon farko da na durƙusa a gaban mutum-mutumin jariri. Ina dannawa a hankali, domin duk rayuwata lallaɓa jarirai na sani. Malamar ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Malama, ƙara ƙarfi. Ba ki kai ba." Na ƙara. Ta ce, "Har yanzu." Sai da na ji ƙirjin robar ya lotsa sosai a ƙarƙashin hannuna ta ce, "Yauwa, nan ne." Jikina ya yi sanyi, domin na gane da jariri na gaske ne a gabana, da tausayina ya hana ni yin abin da zai cece shi. Wannan zurfin, hannu ne kaɗai ke iya haddace shi.

Kada ki ɓata lokaci kina kwafe duk abin da aka haska a allo. Ki raba takardarki biyu: gefe ɗaya abin da aka ce, ɗaya gefen abin da za ki yi da shi, da sunan lokacin da za ki yi shi, kamar "lokacin canza kunzugu" ko "kafin barcin rana". Ki kawo matsalolinki uku. Idan aka faɗi abin da ba zai yiwu a wurinki ba, ki faɗa: "Ni kaɗai ce da yara shida, ɗaki ɗaya gare mu, yaya zan yi wannan?" Malamin ƙwarai a nan ake gane shi. Kafin a watse ki karɓi lambar mutum biyu da kika ga hankalinku ya zo ɗaya.

Mataki na bakwai: kwana ukun farko bayan dawowa

Yawancin bita a nan take mutuwa. An dawo da jaka da takardu, aiki ya taso, bayan wata guda sai labari. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a awanni da kwanakin farko take faruwa, kuma maimaitawa a rarrabe ita ke tsayar da ita. Masu bincike kan horar da malamai kuma sun daɗe da lura cewa jin bayani da ganin misali kaɗai ba kasafai suke sauya abin da mutum ke yi a aji ba, sai an haɗa da gwaji da wanda zai kalle ka yana gyara maka.

Saboda haka ki zaɓi abu ɗaya tak, ki fara shi washegari. Cikin kwana uku ki koya wa wata abokiyar aiki abin da kika koyo, ko da na minti goma ne lokacin da yara ke barci, domin a wajen koyarwa za ki gane inda ba ki fahimta ba. Bayan mako biyu ki roƙi wadda kika amince da ita ta zauna gefe ta kalle ki na minti goma sha biyar, ta gaya miki abin da ta gani.

Bari in ba da misali da abin da ya fi sauya aikina. A wata bita aka yi mana bayanin abin da masana a Jami'ar Harvard suke kwatantawa da jifa da cafewa: yaro ya jefo wani abu, ko kallo, ko gwaranci, ko nuni da yatsa, babba ya cafe ya mayar masa, sannan ya jira. Sun ce a shekarun farko ƙwaƙwalwa tana ƙulla sababbin mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma wannan musayar tana cikin abin da ke gina su. Na zaɓi lokacin canza kunzugu, wanda a da nake yi da sauri bakina a rufe. Wata yarinya 'yar wata bakwai ta kalli labulen da iska ke kaɗawa ta ce "ba". Na bi idonta na ce, "Labule ne, iska ke kaɗa shi." Na yi shiru. Jiran ne ya fi wuya, domin mun saba cika wa yara kunne. Ta sake cewa "ba-ba", tana harba ƙafa. Muka yi ta yi har sau biyar. Bai ƙara mini ko minti ɗaya a kan aikin ba, amma cikin 'yan kwanaki ta daina bankarewa idan na ɗora ta a teburin.

Kada ki raina irin wannan. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 'yan wata 9 zuwa 24 da suka tsumbure, ma'aikatan lafiya na unguwa da aka horar suka riƙa ziyartar wasunsu awa ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da magana da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, waɗanda suka sami ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Waɗancan ma'aikata ba manyan digiri gare su ba. Horo aka ba su, aka kuma ci gaba da bibiyarsu.

Wani abin da za ki tarar shi ne sabon ilimi yakan yi karo da abin da aka saba. Tsohuwar hannu a wurin aiki za ta iya cewa, "Mun reni yara kafin a haife ki." Gaskiya ta faɗa, kuma akwai abubuwa da yawa da za ki koya a wurinta. Kada ki shigo da ɗaga kai. Ki ce, "Anti, ga abin da aka nuna mana, zo ki gani ko zai yi a nan." Uwa kuma za ta iya cewa ɗanta ba ya barci sai an kifa shi. Ki saurare ta, ki gaya mata dalili cikin girmamawa, amma a kan abin da ya shafi rai ba a sassautawa: a hannunki rigingine zai kwanta, sai in likitansa ya rubuto akasin haka. Idan kuma bitar matakan girma ta sa kika lura da wani jinkiri a yaro, ki tuna ke ba likita ba ce. Ki faɗi abin da idonki ya gani, da rana da lokaci, ki ba da shawarar a kai shi a duba, kada ki laƙaba masa sunan wata cuta.

Mataki na takwas: ajiye shaida, tsara shekara

Fayil ɗaya ya isa. Kowace takarda ki rubuta mata rana, darasi, awanni, sunan mai horarwa da ranar da za ta mutu, ki ɗauki hotonta a waya. Ki sa tunatarwa wata uku kafin wa'adin. A ƙasan kowace ki ƙara layi ɗaya: abin da na sauya. Ranar neman sabon aiki ko ƙarin albashi, wannan layin zai yi miki magana.

Awannin shekara kuma ki rarraba su. Awa biyu kowane wata sun fi kwana uku a jere a ƙarshen shekara don cika ƙa'ida. Ki bar gurbi ɗaya don kanki: yadda ake ɗaga yaro ba tare da an ji wa baya ciwo ba, da yadda ake shawo kan gajiya da ƙuncin rai. Mai reno da ta ƙone ita ce ke daka tsawa.

Idan babu bita kusa, ko babu hali

Ku haɗa kanku. Masu reno biyar ko shida, sau ɗaya a wata, awa ɗaya da rabi. Kowane zama darasi ɗaya, mutum ɗaya ta karanto daga tushe amintacce ta gabatar cikin minti ashirin, sauran lokacin gwaji da tattauna matsala ta gaske ba tare da ambaton sunan yaro ko iyayensa ba. Wata guda ku ɗauki ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019: jariri ya sami aƙalla minti 30 a rana yana rub da ciki idonsa biyu ana kallonsa, kada a ɗaure yaro a kujera ko keke fiye da awa ɗaya a jere, yara daga shekara ɗaya su sami minti 180 na motsa jiki a yini, ba kallon allo ga wanda bai kai shekara biyu ba, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya. Ku auna yininku da su, kowa ta faɗi inda ta gaza. Wani watan ku gayyato ma'aikaciyar jinya ko jami'in kashe gobara. Idan kuka haɗa kuɗi, ɗauko mai horar da taimakon farko ya zo ya same ku yakan fi sauƙi a kan kowa ta tafi ita kaɗai. Wannan zama ba zai ba ku takardar da hukuma ke nema ba, amma shi ke raya abin da takardar ta shaida, domin ƙwarewar danna ƙirji tana fara dusashewa cikin 'yan watanni.

Ku kuma riƙa gwajin ficewa daga gini tare da yaran. A raba aiki tun kafin ranar: wa ke ɗaukar jarirai, wa ke jan masu tafiya, wa ke riƙe rajistar sunaye da lambobin iyaye, wa ke leƙa banɗaki a ƙarshe, a ina za a taru a ƙirga. Karon farko da muka gwada, mun isa ƙofar baya da yara goma sha ɗaya muka tarar da ita a kulle, makullin yana jakar wadda ba ta zo aiki ba ranar. Da yamma muka sa aka yanko wani, muka rataye shi a ƙusa a saman ƙofar inda hannun yaro ba ya kai, muka sake gwadawa ran Alhamis.